Wayarka da kwamfutarka sun san juna, amma wa kuma ke tsakaninsu?

Mutum zai buɗe wani shafi a wayarsa yana karantawa, ya ajiye ta ya juya ga kwamfutar da ke kan tebur, sai ya ga wani ɗan tambari ya leƙo a gefen allo yana yi masa tayin shafin da ya bari. Ko a kira shi a waya, kwamfuta ta kama ƙara. Ko ya kwafi wata lamba a waya, ya danna liƙawa a kwamfuta, lambar ta fito alhali bai tura ta ba. Wanda bai san dalili ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an yi masa kutse. Yawanci ba kutse ba ne. Kamfanonin da suka ƙera na'urorin ne suka tsara su haka da gangan, har ma suna tallata abin da alfahari.

Sai dai jin haka bai isa mutum ya miƙe ƙafa ba. Wannan sanayya da ke tsakanin na'urori tana da amfani na gaske, tana kuma da haɗarin da ba a inda mutane ke zato yake ba.

Kamfanin Apple ne ya fi kowa fito da wannan tsari fili. A 2014 ya gabatar da shi a kan iOS 8 da OS X Yosemite da sunan Continuity, wanda masu wayar da ke magana da Faransanci ke gani a rubuce Continuité. Da abubuwa kaɗan aka fara: Handoff, wato ka fara aiki a wata na'ura ka ƙarasa a wata, amsa kiran waya a kwamfuta, karanta saƙon SMS a kwamfuta, da jan intanet daga waya ba tare da sa kalmar sirri ba. A 2016 aka ƙara kwafa a nan a liƙa a can. A 2019 iPad ya soma zama allo na biyu ga kwamfutar Mac, a 2022 aka ba mutum damar juya Mac da iPad da allon rubutu ɗaya, a 2024 kuma aka kai ga ganin fuskar iPhone gaba ɗaya a cikin Mac, ana taɓa manhajojinta tana kulle a aljihu ko cikin jaka.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Na'urorin su kasance a kan asusun Apple ɗaya, Bluetooth da Wi-Fi a kunne, kuma ga yawancin ayyukan su kasance kusa da juna, tazarar da ba ta wuce kimanin mita 10 ba. Idan aka shiga asusu ɗaya a na'urori biyu, sukan yi musayar wani makulli na sirri tsakaninsu. Daga nan kowace takan riƙa yin 'yar sanarwa ta Bluetooth cewa ga abin da mai ita ke yi yanzu, sanarwar kuma a kulle take da wannan makulli, ta yadda 'yar uwarta kaɗai ke iya buɗewa. Shi ya sa maƙwabcinka mai iPhone ba zai ga shafin da ka buɗe ba, ko da katanga ɗaya ce ta raba ku.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba iPhone ke hannunsu ba. A kasuwanninmu, daga Garwa zuwa Njamena, daga Kwatano zuwa Abijan, Tecno da Itel da Infinix da Samsung ne suka cika teburan masu sayar da waya. To amma abin bai bar kowa a baya ba. Microsoft na da nasa tun 2018, wanda a 2022 ya koma Phone Link, a Faransanci Mobile connecté: yana kawo saƙonnin wayar Android da sanarwarta da hotunanta da kiranta kan kwamfutar Windows. Burauzar Chrome na kwashe kalmomin sirri da tarihin shafukan da ka ziyarta ta kai su duk inda ka shiga da asusun Google. WhatsApp kuwa, wanda shi ne ofis da shago da zauren hirar yawancinmu, ya buɗe ƙofar kwamfuta tun 2015, yanzu kuma yana barin a haɗa na'urori har huɗu ban da babbar wayar.

Zato ɗaya da aka gina komai a kansa

Duk waɗannan tsare-tsare, ko na wane kamfani ne, a kan zato ɗaya suke tsaye: mutum ɗaya, asusu ɗaya, kuma duk na'urar da ke kan asusun ta mutumin ce shi kaɗai. Waya ba ta san fuskar wanda ke zaune gaban kwamfuta ba. Abin da ta sani kawai shi ne wancan allon yana ɗauke da asusu irin nata, don haka maigida ne, a ba shi komai.

Wannan zato ya dace da wanda ya sayi na'urorinsa sababbi a kwali, ya buɗe asusu da hannunsa, kuma babu mai taɓa masa kwamfuta. A unguwanninmu ba haka rayuwa take ba. Wayar ta hannu ce, ta bi ta hannun mutum biyu ko uku kafin ta iso. Asusun, yaron shago ne ya buɗe a ranar da aka saye ta, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma lambarsa ya sa. Kwamfutar gida ɗaya ce, yara na aikin makaranta da ita, ƙane na kallon ƙwallo, baƙo na duba wasiƙarsa. Yaya da ke Turai ya aiko wa ƙanwarsa tsohuwar wayarsa bai cire asusunsa ba, ita kuma ta ci gaba da amfani da ita a haka don tana aiki. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, na'ura tana yin daidai abin da aka tsara ta ta yi, kuma sirri yana tafiya inda bai kamata ba.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe sosai, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Wasu ayyukan sai na'urori na kusa da juna suke yiwuwa, kamar Handoff da kwafa da liƙawa. Abin da ka kwafa ma ɗan lokaci kaɗan yake yi a ɗaya na'urar ya ɓace. Wasu kuwa ba ruwansu da kusa ko nesa, domin ta intanet suke bi: hotuna, saƙonnin iMessage, kalmomin sirrin da aka adana, sunaye da lambobin mutane, wurin da waya take a taswira. Tura SMS zuwa kwamfuta ko iPad yana cikin wannan rukuni na biyu. Da zarar an kunna shi, muddin wayar na kunne tana da intanet, saƙon da ya shigo mata a Marwa zai iya bayyana a wani allo da ke Duwala. Ɗan tambarin da ke leƙowa yana tsorata mutane, alhali shi ne mafi ƙarancin haɗari, tunda sai ana ɗaki ɗaya. Waɗanda ba sa nuna alamar komai su ne abin dubawa.

Batun SMS ɗin nan ya fi ƙarfin tsegumi. Bankuna da shafuka da yawa, idan za su tabbatar kai ne, lamba suke turo maka ta SMS. Hikimar ita ce ko ɓarawo ya san kalmar sirrinka, ba shi da wayarka. To idan saƙonnin wayar suna sauka a kwamfutar da ka bari a shago, an rushe hikimar: wanda ke gaban kwamfutar yana da kalmar sirrin da burauza ta adana, ga kuma lambar ta iso masa. A kan Mac ma burauzar Safari da kanta take tayin cike lambar. Kuɗin waya irin su Orange Money da MTN MoMo da Airtel Money, idan ta lambobin da ake dannawa ake aiki da su, suna buƙatar layin da lambar sirri, don haka ganin saƙo kaɗai bai isa a kwashe kuɗi ba. Amma wanda ke karanta saƙonnin ya san nawa ya shigo, daga wa, da abin da ya rage. Da irin wannan bayani ne ɗan damfara ke kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ya faɗi adadin daidai, a yarda da shi.

WhatsApp, inda abin ya fi shafarmu

Haɗa WhatsApp da wata na'ura ba ya ɗaukar minti guda. A buɗe Appareils connectés, a nuna wa kyamarar waya tambarin QR da ke kan kwamfuta, shi ke nan. Akwai kuma hanya ta biyu, ta shigar da lamba mai haruffa takwas. Na'urar da aka haɗa takan karɓi hirarrakin baya-bayan nan, sannan duk sabon saƙo ya riƙa isa gare ta kai tsaye, ko da babbar wayar na kashe. Ba ta fita da kanta sai idan babbar wayar ta yi fiye da kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, ko ita kanta ta daɗe ba a buɗe ta ba.

Mutane kan ce ai saƙon WhatsApp a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Gaskiya ne. Amma kullen yana kare saƙo ne a hanya. Kowace na'urar da aka haɗa tana da nata makullin, kuma ana kulle mata kwafinta na musamman a aika mata, domin a idon tsarin ita ma kai ce. Haka nan lambar nan mai shida ta tabbatarwa mataki biyu, wadda ya kamata kowa ya kunna, aikinta hana a yi rajistar lambarka a wata sabuwar waya. Ba ta korar na'urar da aka riga aka haɗa.

Wa ke iya yin wannan? Duk wanda ya riƙe wayarka a buɗe na ɗan lokaci kuma ya san lambar buɗe ta: mai gyara da ya ce ka bar masa lambar don ya gwada allo, abokin da ya ari waya zai yi kira, miji ko mata mai zargi. Da ɗan gari kan ci gari. Akwai kuma wanda kai da kanka ka haɗa, ranar da ka shiga shagon buga takardu ka buɗe WhatsApp a kwamfutarsu don a fitar maka da takardar shaidar haihuwa, ka karɓi takarda ka biya ka tafi. Rufe shafin ba fita ba ne. A matsayina na malami, wannan ne na fi gani a kwamfutocin da ɗalibai da malamai ke haɗuwa a kansu: ka buɗe burauza ka tarar da hirar wani tana jiranka.

Daga nesa ma ana yi, ta hanyar yaudara. A turo maka tambarin QR a ce na shiga wani zaure ne, ko a ce ka shigar da wata lamba don ka ga hoto ko ka zaɓi wani yaro a gasa, alhali abin da kake yi shi ne haɗa kwamfutar ɓarawo da asusunka. Ba ƙananan 'yan damfara kaɗai ke wannan ba. A watan Janairun 2025 Microsoft ya bayyana cewa wata ƙungiyar masu kutse da ake dangantawa da Rasha, wadda yake kira Star Blizzard, ta yi amfani da wannan dabara a kan masu WhatsApp. Wata guda bayan haka masu binciken Google suka bayyana irinta a kan manhajar Signal, inda aka auna sojojin Yukren da wasu. Ba su fasa makullin ba, sun sa mai gida ya buɗe musu da hannunsa. Dan jarida ko ɗan ƙungiya ko ɗan kasuwar da ke magana da mutane a ƙasashe uku ya kamata ya ɗauki wannan da muhimmanci, domin hirar da aka gani ba tasa kaɗai ba ce.

Kwamfutar aiki da asusun gida

Wani wurin da bango ke tsagewa shi ne inda asusun mutum na kansa ya haɗu da kwamfutar ofis. A 2022 an kutsa cikin kamfanin Cisco na Amurka, wanda sana'arsa ke nan kayan sadarwa da tsaro. Bayanin da kamfanin ya fitar ya nuna cewa an fara ne da kame asusun Google na wani ma'aikaci, asusunsa na kansa, wanda burauzar Chrome ta adana kalmomin sirrin aikinsa a ciki. A 2023 kamfanin Okta ya ba da labari mai kama da wannan: ma'aikaci ya shiga asusunsa na Google a kwamfutar aiki, bayanan shiga wani asusun kamfani suka tafi can. Idan hakan ta faru da waɗannan, ƙaramar ƙungiyar agaji ko makaranta ko ofishin fiton kaya ba su fi ƙarfinta ba.

Ruwan yana gudu ta ɗaya ɓangaren ma. A 2024, jim kaɗan bayan fitowar tsarin ganin iPhone a cikin Mac, kamfanin tsaro na Sevco ya gano cewa idan ma'aikaci ya yi haka a kwamfutar ofis, sunayen manhajojin da ke wayarsa ta kansa na iya shiga jerin da masu kula da kwamfutocin kamfani ke gani. Ba abin da ke cikin manhajojin ba, sunayensu kawai, amma suna kaɗai kan tona rashin lafiya ko addini ko neman wani aiki. Apple ya gyara daga baya. A ganina dai, kwamfutar da ba taka ba bai kamata ta san wayarka ba, ko da an gyara.

Sannan ga manhajojin sata da ake zuba mana a kwamfuta a kasuwa kyauta ko a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wasunsu na zuwa da ɓoyayyen ɓarawo wanda aikinsa kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana. Waya na iya zama sabuwa fil, mai buɗewa da yatsa, amma idan asusunta na buɗe a tsohuwar kwamfuta mai irin wannan cuta, ƙarfin tsaronka bai wuce na tsohuwar kwamfutar ba.

To wanda ke kusa fa, zai iya kama abin a iska? An taɓa nuna yiwuwar haka. A 2019 masu bincike a makarantar sojan ruwan Amurka sun nuna cewa sanarwar Bluetooth da na'urorin Apple ke yi na iya taimaka wa mai sa ido ya bi sawun na'ura. A ƙarshen 2020 Ian Beer na Google ya wallafa yadda ya iya kame iPhone da ke kusa ta iska ba tare da mai ita ya taɓa komai ba, bayan Apple ya riga ya toshe ɓarakar. A 2021 masu bincike a jami'ar fasaha ta Darmstadt da ke Jamus sun nuna cewa AirDrop na iya fallasa lambar waya da adireshin wasiƙar mai aikawa, a farkon 2024 kuma hukumomin birnin Beijin suka ce sun gano masu aika saƙo ta AirDrop. Waɗannan duk gaskiya ne, amma suna buƙatar ƙwarewa da kayan aiki da kusanci, maganin yawancinsu kuma sabunta waya ne duk lokacin da ta nema, ko da kuɗin data na da zafi. Mai sayar da atamfa a kasuwa, yaron shagonsa da ya san lambar buɗe waya ya fi zama abin lura gare shi fiye da injiniya mai eriya.

Dubawar minti goma

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni na ajiye jerin na'urorin da ke kan asusunka, kuma a nan ake farawa. A WhatsApp, Appareils connectés zai nuna kowace na'ura da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Wadda ba ka gane ba, ka taɓa ta ka fitar da ita. A Google, shiga shafin asusunka, sashen tsaro, ka nemi jerin na'urori. A iPhone, buɗe Réglages ka taɓa sunanka ka gangara ƙasa. Telegram da Facebook ma suna da irin wannan jeri. Idan ka ga baƙuwar na'ura, cire ta kaɗai bai wadatar ba, domin wanda ya san kalmar sirri zai dawo. Ka canza kalmar, sannan ka duba lambar waya da adireshin da aka sa na farfaɗo da asusu, ka tabbata naka ne, ba na yaron shago ba.

Mai iPhone ya leƙa Transfert de SMS a sashen saƙonni, da Appels sur d'autres appareils a sashen kira, ya kashe wa duk na'urar da ba shi kaɗai ke taɓa ta ba. Handoff ana iya kashe shi a kan na'ura ɗaya a bar sauran. Tun iOS 16 akwai Contrôle de sécurité, wanda aka yi musamman domin wanda ke tsoron na kusa da shi na bibiyarsa. Yana nuna wa aka ba damar ganin me, yana kuma iya yanke duka a lokaci ɗaya. Wadda ke cikin irin wannan hali ta tuna cewa ɗaya ɓangaren zai iya lura an yanke shi, don haka ta zaɓi lokacin da take cikin aminci.

Ban ce a kashe komai ba. Wanda na'urorinsa nasa ne shi kaɗai, kowace da kullenta, ya more abinsa. Malamin da ke ɗaukar hoton takardar jarrabawa da waya ya gan ta nan take a kwamfuta ya san daɗin abin. Gidan da ake haɗa kwamfuta ɗaya kuwa, kowa a buɗe masa nasa sashen shiga da kalmar sirrinsa, Windows da Mac duka suna ba da wannan kyauta. Iyalin da ke son raba manhajojin da aka saya ba sai sun raba asusu ba: Partage familial na Apple na ɗaukar mutum shida, kowa da asusunsa da saƙonninsa. A kwamfutar shago kuma, idan Chrome ya tambaya ko a kunna daidaita bayanai, amsar a'a ce, kuma a fita daga asusu kafin a tashi daga kujera.

Mai sayen waya ta hannu ya sa a goge ta gaba ɗaya a gabansa, ta tashi kamar sabuwa, ya buɗe asusu da hannunsa. Idan iPhone ce ta nemi asusun tsohon mai ita, wannan kullen da Apple ya sa tun 2013 ne, kuma wanda bai iya cire shi a gabanka ba, kada ka biya. Mai sayarwa ko mai kyauta shi ma ya fita daga asusunsa kafin ya goge.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu musamman, mu da ke rayuwa a bakin iyakoki. Da yawanmu na da layin Najeriya da na Kamaru, ko na Nijar da na Benin, ana sauyawa gwargwadon inda kasuwa ta kai mutum. Asusun Google ko Apple ko WhatsApp kuwa yana ɗaure da lamba ɗaya, sau da yawa wadda aka buɗe shi da ita shekaru da suka wuce. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa kan karɓe shi ya sayar wa wani. Ranar da hakan ta faru, lambar tabbatarwar asusunka wayar baƙo za ta riƙa zuwa, kai kuma idan wayarka ta ɓata ba ka da hanyar komawa. Kafin ka jefa tsohon layi a aljihun jaka, ka shiga kowane asusu ka mayar da shi kan lambar da ke cikin wayarka yau. WhatsApp na da wurin sauya lamba a sashen asusu, Google da Apple kuma suna barin a sa lamba fiye da ɗaya, don haka mai layi biyu ya sa duka biyun.